Gwangwani Biyar a Gindin Rijiya

Damina arba'in da ɗaya na yi ina feshin auduga, ban taɓa ɗaura tsumma a hanci ba. In bakin famfon feshi ya toshe, cire shi nake in sa a baki in hura, in tofar, in ci gaba da aikina. In an rasa sandar motsa magani, hannu nake zurawa cikin bokiti har gwiwa in gauraya. Mu goma sha biyu muka fara aikin nan muna samari a gonakin kamfani. Yau a je a duba. Tara suna ƙasa. Ɗaya ya makance. Ɗaya shi ne abokina da ake kira Karkarwa, wanda ba ya iya kai kofin shayi baki sai rabi ya zube a riga. Cikon na goma sha biyun ni ne, kuma har gobe ina saɓa buhu in tsallake kwata da shi. Ba a banza ake ce mini Tsohon Ƙarfe ba.

To ni ɗin nan ne wata yarinya mai jakar kwalabe, wadda ko autata ta girme ta, ta tsaya a tsakar gidana ta ce rijiyata guba ce.

Ga yadda aka yi. Babban ɗana makaniken babura ne. Shi da matarsa suna zaune a ɗakuna biyun da na gina musu kusa da rijiya. Shekararsu shida da aure, ciki biyu ya zube, duka bayan ya fara motsi. Yanzu ga na uku. Ni kuma na riga na gaya wa duk mai kunne cewa a gidan nan jikana zai yi rarrafe, a gidan nan zai fara kiran sunana. Har ƙasan ɗakinsu na sake shafewa da siminti saboda gwiwarsa. Sai likitar asibiti ta ce wai matan da ke zuwa mata daga ɓangarenmu na gonakin auduga ɓarinsu ya yi yawa, ta sa aka turo wannan malamar ruwa. Ta ɗebi ruwan rijiyoyi tara a layinmu, ta tafi. Bayan mako uku ta dawo da takarda.

Rijiyar nan da hannuna na haƙa ta, gaba goma sha huɗu, ni da diga da igiya. Ruwanta sanyi kamar an fito da shi daga firij, fari tas. Rabin unguwa a nan suke ɗiba. Na ce mata, "Malama, leƙa ki gani. Rijiyoyin mutane duk kwaɗi ne da tsutsar sauro. Tawa fa? Shekara nawa ko ɗan kwaɗo ɗaya bai zauna a ciki ba. Tsabta ke nan."

Ta dube ni ta ce, "Baba, ai abin da ya kori kwaɗon shi nake gaya maka."

Dariya ta ƙwace wa wani maƙwabci da ya leƙo ta katanga. Ni ban ga abin dariya ba.

Ta ce duka rijiyoyi taran akwai maganin feshi a cikinsu, wanda ruwan sama ke wankowa daga gonaki yana nutsewa ƙasa. Amma tawa daban ce. Abin da ke cikin tawa ya ninka na saura ninkin ba ninki, kuma wani irin magani ne da aka hana sayarwa fiye da shekara ashirin. Ta ce wannan ba daga gona ya gangaro ba. Akwai wani abu da ke binne kusa, yana tsiyaya, kuma in ba a tono shi ba zai bi ƙasa ya kai rijiyoyin da ke gangare.

"Baba, ka taɓa binne wani abu a gidan nan? Gwangwani, jarka, ko ragowar magani?"

"Ni kike tambaya? A gidana? Kin ga na yi kama da mai binne-binne?"

"Ba laifi nake ɗora maka ba."

"To me kike ɗora mini, rawani?"

Na jefa guga, na jawo, na kafa kai a gabanta na sha har ruwa na bin gemuna. Na ce, "Ga gubar. Tsaya ki ga faɗuwata." Ta ce jiki da jiki ba ɗaya ba ne, abin da ƙato ya shanye ɗan tayi ba zai iya ba. Ta rubuta lambarta ta miƙa wa ɗana, ta fita. Ko rakiya ban yi mata ba.

Na san abin da take nema. Tun kafin ta rufe baki na sani.

Shekara ashirin da shida ke nan, dillalin kamfani ya zo da mota har bakin gona. Mutum mai farar riga da ƙamshin turare, hannunsa laushi kamar na jariri. Ya ja ni gefe ya ce, "Tsohon Ƙarfe, kai ne manomi a nan, shi ya sa kai kaɗai zan gaya wa. Wannan mai jan murfin za a daina kawo shi. Wanda zai maye gurbinsa ruwa ne kawai, tsutsa wanka za ta riƙa yi da shi." Na ɗauki gwangwani goma sha biyu, ya ɗora mini biyu kyauta. Ya ce abu ɗaya, a ajiye shi wuri mai sanyi, kada rana ta taɓa shi, in ba haka ba ƙarfinsa zai mutu. Bai ce mini don yana kashe mutane aka hana shi ba. Rubutun jikin gwangwanin kuwa ko ɗan makaranta ba ya iya karanta shi, da wani harshe aka yi shi can.

Wuri mai sanyi! A gidan da rufinsa kwano ne, da rana ɗaki kamar tanda? Ga yara ƙanana suna ɓarna ko'ina? Wani da a ƙarƙashin gado zai tura, maganin ya dahu, ko yaro ya buɗe ya sha. Ni na zauna na yi tunani. Ina ne ya fi ko'ina sanyi a gidan nan? Gindin rijiya, inda ƙasa ba ta bushewa rani da damina. Na haƙa rami taku huɗu daga bakinta, na shimfiɗa yashi, na jera su, na rufe da katako, na mayar da ƙasa. Karkarwa ne ya kama mini, lokacin hannunsa bai fara rawa ba. Kowace damina in tono ɗaya in riƙa ɗiga murfi guda a cikin sabon maganin. Shekara tara audugata ta fi ta kowa. Tsutsa ta cinye gonakin mutane, tawa fari fat kamar an shanya likkafani. Ana ta cewa asiri ne da ni. Asirin na ƙwaƙwalwa ne, kai!

Daga baya ƙafata ta karye, na yi damina biyu ban yi noma ba, aka kawo wani sabon iri, na bar sauran biyar ɗin a inda suke. Na ce ai a rufe suke, ƙarfe ne. Da ɗana ya yi aure, na ga amarya tana wanki a tsugune cikin caɓi, sai na ce surukata ba za ta yi wanki a laka ba. Na zuba mata dakalin siminti mai kyau, da ɗan magudanar ruwa. A kan ramin na zuba shi, don nan ne ƙasa ta fi daidaita.

Da yammar ranar da malamar ta kawo takardar, ɗana ya same ni ina gyaran igiyar guga. Bai zauna ba.

"Baba, in akwai abin da ka sani, ka faɗa."

"Kai ma ka zama ɗan sanda?"

"Na sami ɗaki a cikin gari kusa da gareji. In har ranar Asabar ba a gano abin nan an fitar ba, zan ɗauke ta."

"Ɗaki ɗaya? Ka bar gidan ubanka ka je ka kwanta kusa da baƙin mai? Ruwan nan ka sha ka girma, ga ka nan kamar bijimi!"

"Ni na girma. Biyu ba su girma ba."

Na ɗaga igiyar kamar zan tsula masa, uwarsa ta fito daga ɗakin girki ta tsaya tsakaninmu. Ta ce, "Malam, sauke. Yaron da ya fi ka tsawo za ka daka?" Da ya fita ta juyo ta kalle ni irin kallon da ta saba. "Shekarun baya, in damina ta faɗi, kana tura ni gidan ƙanwata da yara wuni guda. In na dawo sai in ga ƙasar gindin rijiya sabuwa. Ban taɓa tambaya ba."

"To yau ma kada ki tambaya."

"Ai ban tambaya ba. Faɗa nake."

Tun daga ranar ɗana ya riƙa ɗauko wa matarsa ruwa a babur daga famfon tuƙa-tuƙa na bakin titi. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Matan da suka shekara ashirin suna cika mini gida da surutu da bokitai, yanzu in sun hango ni sai su sauya hanya. Rijiya ta ba su ruwa kyauta, ban taɓa sa mata kwaɗo da makulli ba, ga sakayyar.

Ranar Alhamis Karkarwa ya zo yana dogara sanda. Ya zauna a kan dakalin wankin nan, ya ɗan bubbuga shi da sandar.

"Tsohon Ƙarfe, ƙarfe ma yana tsatsa fa."

"Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya sawa, ka zo yi mini wa'azi?"

"Hannuna ne ke rawa, kaina ba ya rawa. Goma sha huɗu muka jera. Nawa ka fitar?"

"Duka."

"Ƙarya kake, mai gemun bunsuru. Ka manta ni nake riƙe maka katakon? Tara."

"To in tara ne, ina ruwanka?"

"Rijiyar 'yata tana gangarenka. Jikokina huɗu suna sha." Ya yi ƙoƙarin nuna ni da yatsa, yatsan na ta lilo kamar yana kiran kaji. "In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Je ka faɗa! Wa zai yarda da kai? Ka ce musu kai ka ɗauko, ni na jera. Tare za mu sha kunyar."

"Ni kunyata ta ƙare tun ranar da matata ta fara ba ni abinci a baki."

Na kore shi. Abokin shekara hamsin, na ce ya fitar mini daga gida, kuma ya fita. Kada wani ya ce ban san abin da nake tsoro ba. Ba hukuma nake tsoro ba, ban taɓa tsoronta ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya gaban yaron da na haifa in ce masa dabarar nan da nake taƙama da ita, ita ce ta ci 'ya'yansa biyu. Gara a ce mini ɓarawo.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a inuwar mangwaro, surukata ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Yarinya ce mai kunya, shekara shida ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. Ta ajiye mini kofin ruwa.

"Na ina ne?"

"Na bakin titi ne, Baba."

"Ɗauke. Ɗanɗanon ƙarfe gare shi."

Ba ta ɗauke ba, ba ta kuma tashi ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, jiya na ji ya motsa."

Na ce, "Madalla. Jinina ne, dole ya yi ƙarfi."

"Waɗancan ma sun motsa."

Na kawar da kaina gefe. Ta ci gaba.

"Ni ba na son tafiya gari. Na saba da Mama, na saba da nan. Da farko ɗanka ya ce in na daina shan ruwan shi ke nan, amma malamar ta ce har ƙasar wurin. Ni kuma kullum a nan nake, ƙafa ba takalmi, ga kaji suna tono, ga alayyafon da na shuka a bakin magudana muna ci. Ban san inda zan taka ba a gidan nan, Baba. In ka san wurin, ko ba za ka gaya wa kowa ba, ka nuna mini ni kaɗai in riƙa kaucewa."

Ta tashi ta koma. Ina kallo ta ɗauki bahon wanki ta nufi dakalin, ta tuɓe takalmi ta hau.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. "Sauka daga nan! Sauka na ce!" Bahon ya suɓuce mata. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko diga, na ce wa uwar 'ya'yana ta fitar da yarinyar waje, can nesa, gidan ƙanwarta.

Simintin da na zuba da hannuna ne, kuma ni ba na aikin ha'inci, don haka ya ba ni wuya. Rana ta take tsaka kafin ya tsage. Katakon da ke ƙasa ya ruɓe ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Da na kai yashi sai na ga ya koma wani ruwan ɗorawa mai maiƙo, sannan warin ya bugo ni. Na san warin nan kamar yadda na san warin jikina, amma ban taɓa jin sa da irin wannan ƙarfi ba. Na sa hannu na kama gwangwanin farko, sai murfin kawai ya biyo ni. Gindinsa ya zama rariya. Na biyu haka. Na uku haka. Duka biyar ɗin babu ko cokali ɗaya a ciki. Duk ya tafi.

Ana cewa wai suma na yi. Ƙarya ne, zama na yi a bakin ramin don in huta, idona ya ɗan rufe. Ɗana da aka kira daga gareji shi ya ja ni zuwa inuwa, ya yaga mini riga yana kwara mini ruwan jarkarsa. Da na buɗe ido yana tsaye yana kallon ramin. Ya daɗe. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji daɗi, da na sami abin ramawa. Sai kawai ya ce, "A nan take wanki," ya ciro waya ya kira malamar.

Ta zo da maza uku sanye da fararen kaya har kai, da takunkumi da safar hannu, kamar masu zuwa duniyar wata. Abin da na ɗauko a kafaɗa da singileti, su da wani dogon ƙarfe suke kama shi. Ta ce, "Baba, da hannu ka taɓa?" Na ce, "Da me zan taɓa, da ƙafa?" Sannan na sauke mata abin da ke cikina. Na ce ina kuke lokacin da mai farar riga ya zo da mota cike da shi? Wa ya buɗe masa hanya ya shigo da shi? Kun san yana kisa kuka hana, to me ya sa ba wanda ya tako gona ya ce mana ku dawo da wanda ke hannunku? Ku masu karatu kun rubuta a takarda kun ajiye a ofis, mu da ke zura hannu a ciki ba a gaya mana ba. Sai yau da ya gama shiga ƙasa kuka zo da kwalabe kuna tambayar tsoho me ya binne. Shi dillalin ya mutu a gidan bene, 'ya'yansa na can suna sayar da wani sabon, shi ma nan da shekara ashirin ku zo ku ce guba ne!

Ba ta musa ba. Ta ce, "Gaskiyarka, Baba." Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don faɗa nake nema.

Na ɗauka tunda an tono, magana ta ƙare, za su zauna. Ai sharaɗin da ya kafa ke nan. Malamar ta ce ina, ƙasar tsakar gidan sai an kwashe ta mota-mota, rijiyar sai an cike ta, kuma ko an yi haka mai ciki ba za ta zauna a nan ba. Ranar Asabar ɗin dai suka tafi. Surukata ta durƙusa tana kuka tana neman gafarata, ita ke neman gafarata! Na ce ta tashi kada ta jiƙa mini ƙafa.

Sun kwashe ƙasa mota shida. Sun sare mangwaron. Sun zuba duwatsu da siminti a rijiyar da na yi wata uku ina haƙa, cikin wuni ɗaya. Karkarwa ya zo kallo, na matsa masa a benci ya zauna.

Cikin ya kai wata takwas ta haihu. Mace ce, 'yar mitsitsiya, ta yi kwana goma sha tara a kwalbar asibiti tana faɗa da mutuwa, kuma ta ci. Da na ji na ce ai dole, jikar wa ce? Ɗana ne ya kira uwarsa ya gaya mata an sallame su, ta miƙo mini wayar.

Na ce, "To, yaushe za ku dawo? An zuba sabuwar ƙasa, jar ƙasa mai kyau, ni na tsaya a kai."

Ya ce, "Baba, ku dai ku zo ku gan ta."

"Tambayarka na yi."

"Yarinya za ta yi rarrafe, Baba. Komai ta samu a ƙasa baki za ta kai. Ba zan iya ba."

"Shekara ɗaya? Biyu?"

"Ba za mu dawo ba."

Na ce masa ya riƙe garin nasa, ya riƙe ɗakinsa mai warin fetur, gidana ba ya roƙon kowa. Na miƙa wa uwarsa wayarta. Ta shiga ɗaki tana haɗa kaya, ta ce ita gobe da sassafe za ta, in na ga dama in biyo ta, in ban ga dama ba in zauna in yi gadin jar ƙasata. Ta kuma ce kafin nan randa babu ruwa, bayanta kuma ya riƙe.

Na ɗauki jarka biyu na fita bakin titi. Layi ya kai wajen mutum ashirin, yawancinsu matan da suka gama tsufa a bakin rijiyata. Suka juyo suna kallona. Wata ta ce, "Baba, kawo a tara maka, ka wuce gaba."

Na ce, "Wa ya ce miki na gaji? Matsa ki ba ni hannun famfon. Haka ake bugawa, kamar masu jin yunwa? Jera bokitanku."

Sai da na cika na kowa kafin na sa nawa.